Ranar da Ƙwan Kifi Ya Yi Baƙi

Ku matso ku ji, wallahi wannan labarin ba na a bari ya huce ba ne!

Ranar Litinin da hantsi aka buɗe manyan injinan gidan wanki, aka fara zaro zannuwan gadon asibiti. Guda ɗari uku aka zuba, amma da suka fito, ke, kamar an goge tsohuwar mota da su. Nan jan tabo, can ɗigon baƙi kamar kashin ƙuda. Aka sake wankewa, aka ƙara bilic, tabon ya ƙara fitowa kamar kiransa ake yi. Mata goma sha huɗu suka tsaya cirko-cirko da jiƙaƙƙun hannuwa.

Uwar Wanki, wadda mijinta ya mutu ya bar mata gidan, ta kira injiniya daga nesa. Ya shiga ɗakin ruwa inda wasu tuluna biyu na ƙarfe suke tsaye, kowanne ya fi mutum tsawo. A cikinsu akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kalar zuma, matan suna ce musu ƙwan kifi. Da ya kwance murfi ya ɗebo, sai ga su baƙi ƙirin, sun dunƙule kamar taɓo.

"Rezin ɗinku ya mutu," in ji injiniya. "Aikinsa ya tsotse taurin ruwa, wanda ke hana sabulu kumfa. In ya ƙoshi a wanke shi da ruwan gishiri ya koma aiki. To yanzu ƙarfe da wani baƙin ma'adini, manganis, sun liƙe masa, gishiri ba ya iya fitar da su. Da ya cika, sai ya fara amayar da su a kan zannuwanku."

Ya zagaya baya ya leƙa tankin siminti, ya ga shi cike, ruwa na zubowa ta kan wasu farantai da aka jera a samansa, yadda ya kamata. Ya duba matacin yashi, lafiya lau.

"Hanyar ruwa ba ta da laifi. Tsatsa ba ta da ƙofar shiga, sai in hannun mutum ne ya shigar da ita."

Ya wanke hannu ya hau motarsa. Bai fi awa ɗaya da tafiya ba mutumin asibiti ya zo, ya ɗaga zane ɗaya da yatsa biyu.

"Zuwa Alhamis ina so in ji abin da ya faru, in kuma ji ba zai sake faruwa ba. In ba haka ba, wankinmu ya bar gidan nan."

Kuma kowa ya sani, in ka cire asibiti, babu abin da ya rage sai 'yan rigunan unguwa.

Kafin azahar duk layin ya yanke hukunci: Dogo ne. Shekara tara yana kula da ruwan gidan, sai wata biyu da suka wuce ya yi cacar baki da ƙanen Uwar Wanki, wanda ake kira Ɗan Gayu, aka sallame shi. Kowa ya ji abin da ya faɗa a bakin ƙofa ranar: "Za ku neme ni." Ɗan Gayu da kansa ya kai ƙara, 'yan sanda suka ɗauke Dogo a gaban matarsa, ita kuwa ga ciki haihuwa yau ko gobe.

Amma 'yan sanda sun ce suna son shaida. Shi ne Uwar Wanki ta aika wa Mai Sawu.

*

Mai Sawu tsoho ne. Da ƙuruciyarsa in aka saci dabba, shi ake kira, ya bi ƙasa da ido har ƙofar ɓarawo. Yanzu ko'ina siminti da kwalta, babu mai kiransa. Yana zaune a ɗaki biyu da 'yarsa Auta da jikarsa Gimbiya, 'yar shekara ɗaya da rabi, mai jan ƙafar hagu in tana tafiya. Mijin Auta ya rasu tun yarinyar tana ciki. Auta ce mai shanya a gidan wankin, kuma da hannunta su ukun suke ci.

Da safiyar Talata yana ɗaura takalmi, Auta ta tsaya a kansa da goyo.

"Baba, da ka haƙura. Gwiwarka fa."

"Gwiwa ce za ta ba mu abinci? In gidan nan ya rufe, ke da wannan sarauniyar me za ku ci?" Ya ja ƙafar Gimbiya. "Ko ke za ki ciyar da mu, mai kumatu?"

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. Auta ba ta yi ba. Shi kuwa ya ɗauka fargabar aiki ce.

*

Da Mai Sawu ya isa gidan wankin, jama'a suka ja shi bayan katanga ta waje. Ga sawu nan manya-manya a cikin yashi, na takalmin taya.

"Ka gani? Wa ke da ƙafa kamar faranti in ba Dogo ba?" in ji Ɗan Gayu.

"Nasa ne," in ji Mai Sawu.

Wurin ya ɗauki hayaniya. Tsohon ya tsuguna, gwiwa ta yi ƙas, ya auna zurfin sawun da ɗan yatsa, na zuwa da na komawa.

"Amma da ya zo hannunsa wayam. Da zai koma ne ya yi nauyi, duba yadda dunduniya ta nutse. Mai kawo ƙazanta da nauyi yake zuwa, ya koma sakayau. Me yake ajiye a nan wurin?"

Wata mai guga ta ce a hankali, "Akurkin tattabarunsa. Ya zo ya ɗauka ranar Asabar."

"To tattabara ya ɗauka. Katangar ma bai taɓa ta ba."

Ba wanda ya ji daɗin wannan magana. Mutane sun riga sun sami mai laifi, ga tsoho yana so ya ƙwace musu shi.

*

Ya zaunar da Ɗan Gayu a kan buhun gishiri a ɗakin ruwa.

"Tun da Dogo ya tafi, wa ke kula da ruwa?"

"Ni mana. Wani abu ne mai wuya? Ka zuba gishiri, ka danna nan."

"Tankin baya fa, kana zuwa?"

"Kullum."

Mai Sawu ya sunkuyar da kai yana kallon fararen takalman saurayin, tas kamar haƙoran jariri.

"Ƙasar wajen tankin ja ce, in ta kama takalmi ba ta fita. Ko dai tashi sama kake yi, ɗana?"

Matan da ke leƙe ta taga suka fashe da dariya. Ɗan Gayu ya haɗe rai.

"To ban je ba, sai me? Wurin ƙarni yake yi. Ni ina ganin mai gishiri ne ma ya kawo mana gurɓatacce."

Mai Sawu ya ɗebi gishirin ya narkar a kofin gilashi, ya ɗaga a hasken taga. Garau. Ya ajiye kofin, ya ga yini ya tafi bai kama komai ba.

*

Laraba da safe ya je ofishin 'yan sanda. Matar Dogo na zaune a dakalin waje, ƙafafunta sun kumbura, kwana biyu ke nan. A ciki Dogo ya riƙe ƙarfen ƙofa, sai da ya ranƙwafa kafin su ga fuskar juna.

"Baba, ni zan kashe ƙwan kifi? Ni da nake jin tausayinsu kamar 'ya'yana?"

"Ka ce za su neme ka."

"Ai gaskiya na faɗa! Ruwan rijiyar nan munafuki ne, Baba. In ya fito daga burtsatse, garau yake kamar hawaye, amma cikinsa duk ƙarfe ne a narke, ido ba ya gani. Sai ya zubo ta kan farantai ya sha iska, ya huta a tanki, sannan ya amayar da jan da baƙin. Yashi ya tare sauran. Tankin nan da kowa ke ƙyama, shi ne yake cin dattin a madadinmu. In ba ka yarda ba, ɗebi na bakin rijiya a kwalba, ka girgiza, ka ajiye ka gani."

"Akwai yadda ruwa zai isa tulu bai bi ta tanki ba?"

Dogo ya zaro ido.

"Sitiyari. Wani jan kambun ƙarfe ne a gindin tanki. In zan wanke tankin nakan juya shi, ruwa ya wuce kai tsaye. Rabin awa kawai, ban taɓa wucewa ba. Amma ai injiniya ya ce tankin na aiki."

"Ya ce ya ga yana aiki," in ji Mai Sawu.

*

Wurin tankin wani lungu ne a can ƙarshen gidan, bayan igiyoyin shanya. Kwarmi ne na siminti, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, da 'yar matakala a waje da wata a ciki. Ruwa na zubowa ta kan farantai, shaa. Mai Sawu ya fara cika kwalba a bakin rijiya, ya girgiza, ya sa a aljihu. Sannan ya kwanta rub da ciki a bakin tankin, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana kallon cikin ruwan.

A jikin bango, kamu ɗaya ƙasa da saman ruwa, ya ga wasu 'yan dunƙule-dunƙule na laka a jere, sun fara narkewa. Ya miƙa hannu ya ɓanɓaro ɗaya.

Gidan zanzaro.

Zanzaro ba ya gini a cikin ruwa. Kuma ba ya gina ɗaki biyar a rana ɗaya. Tankin nan ya yi makonni a bushe, kwanan nan aka mayar masa da ruwa.

Zuciyarsa ta yi fari, ya ji kamar shekara ashirin ta sauka daga kansa. Ya matsa ya duba sitiyarin. Tsatsar jikinsa ta goge a wuri biyu, ga wani farin zare maƙale, irin na tsumman jarirai. Wanda ya juya ba shi da ƙarfin hannu, sai da ya naɗa tsumma.

Ya koma ya leƙa matakalar ciki. Jan taɓon da ke kanta ya bushe ya tsage tun kafin ruwa ya dawo, ya yi tauri kamar kasko. A kan mataki na biyu, ga sawu nan. Ɗan ƙarami, bai kai tafin hannu ba. Na dama ya zauna daidai. Na hagu ya ja layi a bayansa.

Da ya ɗago, sai ya ga wata 'yar igiya a kusurwa, an shanya tsummoki uku da wata rigar yara mai ɗigo-ɗigo. Shi ya saya rigar.

*

Da la'asar Auta ta dawo ta same shi a bakin ƙofa. Ya buɗe mata tafin hannu. Ta ga zaren, ta ga gidan zanzaron. Ta sauke Gimbiya, ta zauna a ƙasa.

"Ina shanya ne, Baba. Na juya ba ta nan. Na same ta ta hau matakala, rabin jikinta a kan ruwa tana miƙa hannu za ta kamo ganye. Da ƙafa na fizgo ta. Da ƙafa!" "Na je na roƙi Ɗan Gayu a sa ƙofa ko murfi, ya ce in ɗaure ta kamar akuya. Wa zan bar wa ita? Na sha ganin yadda Dogo ke yi. Na juya, na zare toshiyar ƙasa, ruwan ya tsiyaye. Daga nan ko ta sauka ciki, taɓo kawai take takawa."

"Tun yaushe?"

"Mako bakwai. Wallahi na duba, Baba! Na tara kofi a bakin rijiya, fari tas. Na duba na tankin, ja kamar wankin nama. Na ce ashe ma tankin ne ke ɓata musu ruwa. Har daɗi na ji, na ce na yi musu gyara. Ranar Litinin da na ga zannuwa, na ruga na mayar."

Ya zaro kwalbar daga aljihu. Ruwan da ya ɗiba garau da safe ya koma kalar shayi, wani jan gari ya fara kwanciya a ƙasa. Auta ta kalla, ta rufe fuska.

"Ka ce ba ka ga komai ba, Baba. Kai ma ka ce da aikin nan muke ci."

"Dogo fa?"

"Ba su da shaida, za su sake shi."

Gimbiya ta taho tana jan ƙafa, ta dafa gwiwarsa tana son kwalbar. Ya ɗaga ta sama inda hannunta ba zai kai ba.

*

Ranar Alhamis da hantsi aka taru a filin shanya. Uwar Wanki a kujera, mutumin asibiti na duba agogo, ɗan sanda ya kawo Dogo, matarsa na jingine da bango. Matan wanki sun jeru, Auta a ƙarshe da goyo.

Mai Sawu ya ajiye kwalba biyu a kan benci, ta jiya da wadda ya ɗiba yanzu.

"Rijiya ɗaya, ruwa ɗaya. Bambancinsu kwana ɗaya da shan iska. Ba wanda ya kawo ƙazanta gidan nan, a cikin ruwanku take. Tanki ne ke cire ta." Ya nuna musu gidan zanzaro, ya faɗi inda ya samo shi. "An juya sitiyari, tankin ya bushe mako bakwai, ɗanyen ruwa ya yi ta shiga tulu har ƙwan kifi ya shaƙe."

Uwar Wanki ta dafe ƙirji. "Mako bakwai a gidana ban sani ba? Wa ya juya?"

Shekara hamsin yana wannan aiki, bai taɓa ganin sawu ya ce bai gani ba.

"Ido ya tsufa," ya ce. "Iyakar abin da na gani ke nan."

"Ai shi ke nan!" Ɗan Gayu ya yi tsalle. "Wa ya san sitiyari a gidan nan in ba Dogo ba? Mako bakwai, daidai bayan korarsa! Tsoho, ka gama aiki, Allah ya biya."

Ɗan sanda ya gyaɗa kai, ya kama hannun Dogo. Dogo bai ko yi gardama ba, Mai Sawu kawai yake kallo. Matarsa ta zame jikin bango ta zauna, ta riƙe cikinta da hannu biyu, ba kuka, sai wani nishi ƙasa-ƙasa.

Mai Sawu ya dubi 'yarsa. Idonta na ƙasa. Ya jira. Ba ta ɗago ba.

"Dakata, ɗan sanda." Muryar kamar ba tasa ba. "Na yi ƙarya. Akwai sawu a cikin tankin. Na yarinya ne mai jan ƙafar hagu. Jikata ce. Uwarta ta zubar da ruwan don kada ya cinye mata 'ya. Ta nemi a sa murfi, aka ce ta ɗaure ta kamar akuya."

Duk ido ya koma kan Auta.

"Auta?" in ji Uwar Wanki. "Ke da nake ce wa 'yata?"

"Fari ne, Inna," in ji Auta. "Ruwan fari ne tas." Ta sake faɗa, ta sake faɗa.

Uwar Wanki ta juya kan ƙanenta. "Kai kuma, da bakinka ka ce akuya?" Ɗan Gayu ya tsaya kallon takalminsa.

Mutumin asibiti ya miƙe yana kaɗe wando. "Na ji. A zuba sabon rezin, a dawo da wannan dogon, a sa wa sitiyarin kwaɗo. Amma hannun da ya juya shi kada ya sake taɓa zanenmu. In kin yarda, wanki na nan."

Uwar Wanki ta kalli mata goma sha uku, ta kalli ɗaya. Hawaye ya zubo mata.

"Auta, ki ɗauki tsummokinki."

Aka kwance Dogo nan take. Washegari da safe matarsa ta sauka lafiya, mace, ƙatuwa, da gashi cike da kai, ga ƙafa irin ta uban! Kuma abin da ya fara yi da ya koma aiki, ya sa kafinta ya yi wa tankin murfi da ƙofa. Katako shida ne da ƙusa, kafin azahar an gama.

Amma wannan daga baya ne. A ranar Alhamis ɗin, Auta ta kwance 'yar igiyarta, ta naɗe, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba. Mai Sawu ya bi bayanta da sandarsa. A gefen hanya akwai yashi mai laushi inda ta saba bi saboda zafin ƙasa. Ya ga sawunta guda huɗu, biyar, sun nutse sosai, kamar ta ɗauko buhu. Sai ta waiwayo, ta ga inda idonsa yake. Ta hau kan kwalta, rana tsaka, da silifas ɗinta masu huda.

"Auta," ya ce. "Auta, kwaltar da zafi."

Ta ci gaba da tafiya. Gimbiya ce ta juyo da kai daga goyo, ta hango shi can baya yana ɗingishi, ta ɗaga masa hannu tana dariya. Ya sunkuya ya duba ƙasa yadda ya saba. Babu komai a kan kwaltar.